Saba tana yin nauyi da yamma, in na duba sai in tarar lafiya lau

Sadiya
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Ni ke kula da manhajar wani kamfanin sayar da kayan masarufi a sari a Kaduna. Suna da shago a kasuwar Gumi, ɗaya a Kawo, ɗaya a Kakuri, sito kuma yana Mando. Duk rassan da saba guda (server, babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai) suke magana, tana ofis, manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL 15 ce a kanta. Yau kusan wata biyu ke nan, da yamma sai masu karɓar kuɗi su fara kirana, na'ura ta tsaya, rasit ya ƙi fita, layi ya taru. Kafin in buɗe kwamfuta in shiga, ta saki. In duba pg_stat_activity, inda ake ganin aikin da rumbun ke yi, ba komai, furosesa ko rabi bai kai ba. Maigidan ya ce a sayo sabuwar saba kawai a huta. Ni kuwa zuciyata ba ta kwanta ba, don ban ga shaidar cewa tsohuwar ce ta gaza ba. Ta ina zan fara?

Injiniya Kabiru
Wa alaikumus salam. Abu na farko, kada ki bari a sayi komai tukuna. pg_stat_activity abin da ke faruwa a daƙiƙar da kika duba kawai yake nuna miki. Kin zo bayan an tashi kasuwa kina tambayar wa ya tare hanya. Abin da kike buƙata shi ne wani abu da zai riƙa kallo dare da rana yana rubutawa, in an kira ki ƙarfe biyar ki koma ki ga abin da ya faru ƙarfe huɗu. Ki ɗora Prometheus mai tattara lambobi yana ajiyewa, da postgres_exporter da node_exporter masu miƙa masa lambobin rumbun da na injin, ki sa Grafana a sama ya zana miki giraf. Duk kyauta ne.

Yusha'u
Anti Sadiya ba netiwok ba ne kuwa? Da yamma layin waya yana cunkushewa a cikin kasuwa.

Sadiya
Na yi tunanin haka Yusha'u. Amma har kwamfutar da ke cikin ofis, wadda waya ce ta haɗa ta da saba kai tsaye, ita ma tana tsayawa a lokacin.

Malam Habibu
Sadiya, kafin a kai ga sunayen kayan aiki, bari in yi miki bayanin tushen abin, don in kin gane shi duk kayan da kika ɗauka zai yi miki amfani. Yawancin lambobin da PostgreSQL ke ajiyewa irin na mitar mota ne mai ƙirga tafiya. Tun ranar da aka fara ƙirga suke hawa, ba sa sauka. In kika buɗe pg_stat_database kika ga xact_commit, wato adadin ayyukan da rumbun ya kammala, miliyan kaza, wannan bai gaya miki komai game da yammacin jiya ba, kamar yadda lambar da ke gaban direba ba za ta gaya miki gudun da ya yi tsakanin Kawo da Maraban Jos ba. Sai kin karanta lambar sau biyu, kin cire ta farko daga ta biyu, kin raba da lokacin da ke tsakani. Duk sana'ar nan a kan wannan ta tsaya: ɗauki hoton lambobi, ajiye da lokacinsa, sake ɗauka, cire.

Lokacin da nake aikin banki da Oracle haka muke yi da Statspack tun zamanin 8i. Da 10g ya zo sai aka kawo AWR, wanda da kansa yake ɗaukar hoto duk awa ɗaya. In manaja ya ce jiya da rana abu ya yi nauyi, sai mu zaɓi hoton ƙarfe 12 da na ƙarfe 1 mu fitar da rahoton abin da ya faru a tsakani. PostgreSQL bai zo da mai ajiye tarihi irin wannan a cikinsa ba, ke ce za ki tanada.

Ni shawarata ki fara da ƙaramin abu. Ki yi tebur guda, ki sa cron, mai gudanar da aiki a kan lokacin da aka tsara, ya riƙa kwafe pg_stat_database da pg_stat_statements (ƙididdigar kowane kweri, wato tambayar da aka aika wa rumbun) cikinsa duk minti 10 tare da lokaci. Aikin rabin awa ne.

Injiniya Kabiru
Malam, da girmamawa, bayaninku daidai ne amma maganin bai isa ba. Ta ce kafin ta buɗe kwamfuta abin ya wuce. Ke nan tsayawar ba ta wuce 'yan mintuna. Hoton minti 10 zai haɗiye ta, ya gauraya ta da mintuna masu lafiya. Da Prometheus za ta iya sa shi ya leƙa duk daƙiƙa 15. Kuma cire-ciren da kuka ce, rate() yana yi da kansa.

Malam Habibu
Na yarda da batun tazara. Abin da nake gudu shi ne yarinya ita kaɗai ce a wurin, ka ɗora mata sababbin manhajoji huɗu da za ta riƙa reno. Na sha ganin wurin da aka kafa allon giraf mai kyau, bayan wata uku mai tattara lambobin ya mutu ba wanda ya lura.

Bulus
Ku bari in jefa wani abu da ba wanda ya ambata, kuma mu a Kaduna shi ya fi cizon mu. Sadiya, sabar nan tana kan me in an ɗauke wuta?

Sadiya
Akwai inbata, amma baturan sun tsufa. In wuta ta tafi da dare wani lokaci zuwa asuba ta mutu, sai an tayar da janareto da safe.

Bulus
To kin ji. In PostgreSQL ya rufe cikin tsari, yana rubuta lambobin ƙididdigarsa a faifai, ya ɗauko su in ya tashi. Amma in wuta ce ta yanke masa numfashi, da ya farfaɗo duk lambobin nan sun koma sifili. Bayanan cinikinku ba sa ɓacewa, WAL, kundin da ake fara rubuta kowane canji a ciki, yana kare su, amma ƙididdigar ta tafi. Haka ma pg_stat_statements, a rufewa mai tsari yake ajiye nasa.

Wannan yana da illa biyu. In kin bi hanyar Malam Habibu da hannu, ranar da aka yi haka za ki cire babbar lamba daga ƙarama ki ga sakamako ƙasa da sifili, sai kin rubuta sharaɗin da zai gane hakan. rate() na Prometheus yana gane cewa mita ta koma farko ya gyara. Ta biyun ta fi muni. autovacuum, mai share matattun layuka, wato tsofaffin kwafin da gyara ko gogewa ya bari a tebur, da waɗannan lambobin yake sanin lokacin shara. A tsarin da ya zo da shi, yana jiran matattun layuka su kai 50 da ƙarin kashi 20 cikin ɗari na girman tebur. Tebur mai layi miliyan ɗaya sai matattu sun haura dubu 200 kafin ya motsa. In kowane mako lissafin yana komawa sifili, shara tana ta jinkiri, tebur yana ta kumbura. Ni a wani asibiti da nake yi wa aiki a Barnawa na sa duk lokacin da saba ta tashi daga mutuwar wuta a gudanar da ANALYZE a kan rumbun gaba ɗaya, don lissafin ya dawo kusa da gaskiya.

Sadiya
Wallahi ban san wannan ba. Yanzu na duba last_autovacuum a pg_stat_user_tables, yawancin teburan babu komai a wurin.

Bulus
Ba lallai ba a taɓa share su ba, wataƙila tarihin ne ya goge. Shi ya sa ajiye shi a waje yake da muhimmanci. Kuma ki lura, duk abin da za ki kafa na sa ido kada ki ɗora shi a kan sabar da yake sa wa ido. In ta mutu ya mutu tare da ita, ba mai ba ki labari. Tsohuwar laftof mai batir ta isa.

Yusha'u
Laftof za ta iya ɗaukar bayanan shekara? Ina ganin kamar zai cika faifai.

Injiniya Kabiru
Yi lissafi ka gani. Leƙe duk daƙiƙa 15 sau 5,760 ke nan a rana. Prometheus yana matse kowane ma'auni zuwa bait 1 ko 2. Ka ce kana bin lambobi daban-daban har 2,000, a bait 2 kusan megabait 23 ke nan a rana, shekara ba ta kai gigabait 9 ba. Abin da za a kiyaye shi ne kwana 15 kawai yake ajiyewa in ba a canza ba. Sadiya, ki ƙara retention ya kai wata 13 ko fiye, don kasuwancinku na kaka ne. Cinikin gab da azumi da na jajibirin sallah ba a gwada shi da na makon jiya, sai da na bara.

Malam Habibu
Wannan magana ta wata 13 ta yi. Da can da RRDtool muke wannan, wanda Tobias Oetiker ya fitar a 1999, shi ke ƙarƙashin Cacti da Munin. Fayil ɗinsa ba ya ƙara girma, sai dai tsofaffin lambobi su riƙa narkewa su zama matsakaici. Amfaninsa faifai ba ya cika, illarsa kuwa bayan wata shida tsinin da ya dame ka ya baje, ba ka ƙara ganinsa.

Hajiya Rabi
Ni ba injiniya ba ce kamar ku, ɓangaren lissafi nake, amma ina da magana a kan matsakaici. A ofishinmu an taɓa kawo mana allo yana nuna matsakaicin lokacin amsa ƙasa da rabin daƙiƙa, kore shar, alhali mu da ke zaune gaban na'ura muna shan wahala. In mutum 99 sun sami amsa nan take, ɗaya ya jira minti biyu, matsakaicin zai fito da kyau. Shi ɗayan nan kuwa shi ne mai kwastoma a gabansa da kaya a amalanke yana jira. Sadiya, duk abin da za ki zana, ki tabbata yana nuna mafi munin jira.

Injiniya Kabiru
Hajiya kin taɓo wurin. pg_stat_statements yana ba da adadin kira, jimillar lokaci, matsakaici, mafi ƙanƙanta, mafi tsawo, amma ba ya ba da p95 ko p99, wato lokacin da kashi 95 ko 99 cikin ɗari na kira ba su wuce ba. Mafi tsawon ma tun daga farkon ƙirga ne, ba na awar nan ba. Don haka Sadiya ki haɗa da log. Ki sa log_min_duration_statement a kan 1000, duk kwerin da ya wuce daƙiƙa ɗaya za a rubuta shi da lokacinsa. Ki kunna log_lock_waits, duk wanda ya jira kulle (wani ya riƙe layin da yake so ya taɓa) fiye da deadlock_timeout, wato daƙiƙa ɗaya in ba ki taɓa shi ba, zai bayyana tare da lambar wanda ya tare shi. Waɗannan biyun ba sa buƙatar kashe saba, reload ya isa. pg_stat_statements ne sai kin sa shi a shared_preload_libraries kin sake kunnawa, ki bari sai dare bayan an rufe shaguna. pgBadger zai mayar miki da log ɗin rahoto mai giraf awa-awa.

Yusha'u
Mu masu MySQL fa? Ina da wata manhajar makaranta da nake gini.

Injiniya Kabiru
Hanya ɗaya ce. SHOW GLOBAL STATUS ma mita ce mai hawa. Akwai mysqld_exporter, akwai kuma PMM na Percona da ya haɗa komai wuri guda. Ka kunna slow query log, amma ka rage long_query_time, don daƙiƙa 10 yake zuwa da shi, kuma ɗalibin da ke duba sakamako ya gaji tun kafin nan.

Bulus
Gargaɗi ɗaya game da log. pg_stat_statements yana maye gurbin ƙimomi da $1, $2, amma log yana iya ɗaukar sunan kwastoma da lambar wayarsa yadda suke. Kada a turo shi cikin zauren nan ba a goge ba. Akwai dokar kare bayanai ta 2023, kuma ko ba doka amana ce. Grafana ma da admin/admin yake zuwa a kan fot 3000, ki canza tun ranar farko, kada ki buɗe shi ga intanet. Asusun da exporter zai shiga da shi ki ba shi pg_monitor kawai.

Sadiya
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Zan kafa a tsohuwar laftof ɗin ofis, in kunna log ɗin yau da dare. Malam, teburinku ma zan yi, don in riƙa ganin kweri ɗaya-ɗaya. Zan dawo da labari.

Sadiya
Jama'a na dawo, kwana 12 ke nan. Ga abin da na gani.

Furosesa, ram, faifai, duk layukansu a kwance suke, ko a lokacin da ake kuka. Abin da ke tashi shi ne adadin konekshin masu jiran kulle. Daga sifili sai ya haura kamar tsini, ya tsaya minti 5 zuwa 15, ya faɗo lokaci guda. A daidai lokacin kuma layin xact_commit yana nutsewa. Na ƙara giraf na taransakshin (aikin da aka fara a rumbun ba a kammala ba) mafi daɗewa a buɗe, sai ga shi yana hawa a miƙe kamar matakala kafin kowane tsini, kuma matsayinsa idle in transaction, wato yana buɗe amma ba abin da yake yi.

Da farko lokacin ya ruɗa ni, don log yana nuna wajen ƙarfe 3, su kuma masu kira suna cewa ƙarfe 4. Ashe sabar a kan UTC take, mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Da na daidaita sai abin ya fito fili: lokacin la'asar ne. Akwai ƙarami wajen azahar, ranar Juma'a kuma wanda ya fi kowanne tsawo.

Na je Kawo na zauna na kalla da idona. Mai karɓar kuɗi ya fara shigar da cinikin wani, buhun shinkafa da katan na taliya, kwastoma ya ce bari ya je ya ciro kuɗi, aka kira salla, ya tashi ya bar shafin a buɗe. Manhajarmu tun daga kaya na farko take buɗe taransakshin ta rage adadi a teburin kaya, ba ta rufewa sai an danna biya. Layin shinkafa ya kulle ke nan. Duk wanda zai sayar da irin shinkafar a kasuwar Gumi ko Kakuri sai ya tsaya jira, wanda ke bayansa ma ya tsaya, har mutumin ya dawo daga masallaci.

Malam Habibu
Alhamdu lillahi. Da an sayi sabuwar saba da an kashe kuɗi, kulle kuma yana nan yadda yake, don kulle bai san ƙarfin inji ba. Kuma Kabiru, na karɓi maganarka, hoton minti 10 da ƙyar zai nuna wannan matakalar.

Yusha'u
To a gaya wa masu karɓar kuɗin su riƙa rufe shafi kafin su tashi mana.

Hajiya Rabi
A'a Yusha'u, kada a ɗora wa bawan Allah laifi. Mutum zai tashi salla, zai tashi shan ruwa, kwastoma zai tsaya ciniki. Manhaja ce ya kamata ta san da haka. Sadiya, in za ki kai wa maigidan rahoto kada ki ambaci sunan kowa, kin san yadda abin yake ƙarewa a kan ƙaramin ma'aikaci.

Sadiya
Haka na yi Hajiya. Giraf biyu kawai na nuna masa, na jiran kulle da na ciniki, ɗaya a kan ɗaya. Ya gane nan take.

Injiniya Kabiru
Gyara na gaskiya a manhaja yake: a tara kayan a kwando, sai an danna biya a buɗe taransakshin, a rage kaya, a rufe, duk cikin ƙiftawar ido. Kafin a yi wannan, ki sa idle_in_transaction_session_timeout, mai iyakance tsawon zaman taransakshin a buɗe ba aiki, yana nan tun PostgreSQL 9.6. Amma ki gwada tukuna, don katse konekshin ɗin yake yi gaba ɗaya, cinikin da aka fara ya warware. In manhajar ba ta iya sake haɗawa da kanta ba, mai karɓar kuɗi zai dawo ya tarar da saƙon kuskure.

Bulus
Kuma wannan ya haɗu da maganata ta farko. Taransakshin da ya riga ya yi rubutu ya zauna a buɗe yana hana vacuum kwashe layukan da suka mutu bayan farawarsa. Ki zana n_dead_tup, adadin matattun layuka, na teburin kaya da na ciniki, da girman kowane tebur, ki bar su su yi wata guda. Waɗannan ba a ganin motsinsu a rana ɗaya.

Sadiya
Na sa su. Tambaya ta gaba: ƙararrawa. Na kafa guda 9 a makon farko, wayata ba ta huta ba, har na fara share saƙon ban karanta ba.

Malam Habibu
Ki rage. Duk ƙararrawar da in ta buga ba za ki tashi ki yi wani abu ba, ki mayar da ita giraf kawai. Ni a wurinki uku zan bari: taransakshin da ya wuce minti 2 a buɗe lokacin kasuwa, faifai ya kusa cika, da kuma shiru, wato mai tattara lambobin ya daina samun amsa daga saba. Konekshin ma ki riƙa kallo, max_connections 100 ne in ba a ƙara ba, kuma ranar da jira ya yi tsawo mutane suna ta sake buɗe shafi za ki iya cika shi.

Injiniya Kabiru
Ni zan ƙara ta huɗu, masu jiran kulle sun wuce 5 na tsawon minti ɗaya. Malam zai ce ta farkon ta rufe wannan, amma kulle yana iya zuwa ta wata hanya, misali wani ya ƙara indeks da rana tsaka ba tare da CONCURRENTLY ba. Sannan ki saba da sa alama a Grafana duk ranar da kuka sabunta manhaja ko aka canza wani saiti. Bayan wata uku in layi ya karkace za ki ga daga ina ya fara.

Hajiya Rabi
Ƙarshen wata fa? Mu namu nauyin ranar haɗa rahoto yake zuwa.

Sadiya
Ban kai ga ganinsa ba tukuna Hajiya, sai mako mai zuwa. Amma teburin Malam ya riga ya nuna min kweri guda na rahoton bashi da ke cin lokaci fiye da sauran, kuma temp_files, adadin fayilolin wucin gadi da yake rubutawa a faifai, yana tashi duk lokacin da aka gudanar da shi. work_mem namu, wato ram ɗin da aka ware wa aikin jera bayanai a cikin kweri, har yanzu 4MB ne.

Injiniya Kabiru
Kada ki ƙara shi ga kowa, don kowane sort ko hash a kowane konekshin yana iya cin nasa kason. Ki ƙara wa asusun rahoto kaɗai da ALTER ROLE. Ki turo EXPLAIN ɗin kwerin, wato bayanin hanyar da rumbun ke bi wajen amsa shi, bayan kin goge sunaye mu duba.

Bulus
Baturan inbata fa, an yi magana?

Sadiya
An yi. Kuɗin da aka ware wa sabuwar saba daga ciki za a sayi batura, mai gyaran manhaja kuma zai fara aikin kwandon ranar Litinin. Injiniya, zan turo EXPLAIN ɗin bayan magariba in sha Allah.